Tsagar da Ke Rufe Baki da Rana

Shekarar da maigidana ya ɗora bene a kan tsohon gininmu na Jakara, tsaga ta fito a rufin siminti na ɗakin da yarana ke kwana. Ni na fara ganinta da asuba, ina tashin su salla. Na zura mata tsinken tsintsiya, ya shige har da saura.

Shi kuwa sai bayan azahar yake dawowa daga kasuwar Kurmi cin abinci, lokacin rana ta gasa rufin. Ya taka kujera ya gwada, tsinke ya ƙi shiga.

"Ke dai akwai tsoro kamar farar kura," in ji shi. Ɗaya ɗakin fatun da yake sayarwa ne a ciki, ya ce ba zai kwashe kaya don mafarkina ba.

Haushi kamar ya kashe ni. Da safe tsaga ta wangale, da rana ta yi lakwas kamar ba ita ba, munafuka. Har na fara zargin idona. Ko girki nake, kunnena yana ɗakin nan.

Ƙanwata injiniya ce, aikinta auna gadoji. Da ta zo, na ja ta ɗakin.

"Yaya, dukanku gaskiya kuka gani," ta ce. "Siminti da rodi suna miƙewa da zafi, su takure da sanyi. Mu ma a gada, awon da ba a haɗa shi da zafin iska ba, aikin banza ne. Ki riƙa gwadawa da asuba kaɗai. In tana ƙaruwa, ki fitar da yaran."

Haka na riƙa yi. Tsinke ya yi mata kaɗan, na koma ashana, ashana ma ta fara lilo a ciki.

Wata asuba na tare shi a zaure, ya dawo daga masallaci.

"Malam, yau ba azahar za ka jira ba. Zo."

Ya taka kujerar yana mita. Ya kai tsinke, sai ya fasa, ya sa ɗan yatsansa. Yatsan ya shige. Ƙasa ta zubo a kan zanin da auta ta lulluɓa da shi, tana barcinta. Ya sauko ya sunkuce ta, ni na ja sauran.