Allurar Malam

"To, ku zaɓa," in ji lokotoro, likitan da zai yi aikin. "Ko mu sa shi barci ɗungum, ko mu yi mishi allura a gadon baya. Daga cibiya zuwa ƙasa zai mutu, amma yana farke, zai ji ƙarar guduma."

Malam, maigidana, yana kwance da kwatangwalo a karye. Daga dabino ya faɗo a garkarmu ta kwari, tsoho da shi, na hana bai hanu ba. Tun daga Gure har Damagaram mota na jijjiga shi, ko uhum bai ce ba.

Ya tambaya, "Wanda aka sa barci, in ajali ya zo, yana samun yin kalmar shahada?"

Lokotoro ya girgiza kai.

"To a yi mini ta bayan," in ji Malam.

Na ce, "Malam, guduma fa aka ce."

"Na zauna da ke tun ina saurayi, guduma ce za ta dame ni?"

Aka yi aiki lafiya. Da la'asar ƙafafunsa suka fara dawowa, ciwon ya biyo su. Wata ma'aikaciya, yarinya mai hankali, ta zo da tire: ƙwaya ga mai ɗan ciwo, allura ga wanda abin ya tsananta.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta ba shi ƙwaya ta wuce. Mutanenmu ke nan. Ko rai na fita, da sauƙi. Ni kuwa ina kallon hannunsa. Ya damƙe carbi ba ya ja, zufa ta jiƙa gemunsa. Yadda ya yi ranar da muka rasa ɗan farinmu.

Na bi ta har baranda. "'Yata, dawo. Ƙarya yake."

"Inna, ai shi ya ce..."

"Gaisuwa ya amsa miki. Kawo allurar."

Da muka dawo ya harare ni. "Kin tona ni gaban sa'ar jikata."

"Na tona. Juya hannun."

Bai juya ba. Na zauna bakin gado, abin da ban taɓa yi gaban mutane ba, na zare carbin daga yatsunsa, na sa hannuna a madadinsa. Ya matse har sai da zobena ya shige mini nama. Na ce ƙasa-ƙasa, "Ba wanda zai ji a Gure."

Ya miƙa wa yarinyar ɗaya hannun. Ba a jima ba yatsunsa suka saki, ya fara minshari, baki buɗe.