Kwamin Tangaran na Gidan Gilhooly

Duk wanda ya san Malachy Gilhooly ya san mutum ne da bai yarda akwai abin da ba ya gyaruwa ba. A gonar ubansa aka haife shi, can ƙasan tudu a lardin Leitrim, gonar da rabinta ciyawa ce rabinta ruwa. Da ya tasa ya bi sa'anninsa Ingila, ya yi dakon bulo da kwaɓa siminti, har aka aiko masa cewa tsohon ya rasu, an bar uwarsa ita kaɗai da shanu. Ya dawo da akwati ɗaya da jakar sifanu. Bai daɗe ba ya auri Nuala, doguwar yarinyar nan ta tsallaken tafki, ya kawo ta gidan uwarsa kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Tun daga nan bai sake yin nisa da gida ba, in ba kasuwar shanu ba.

Ba mai surutu ba ne. In ka kai masa kuka ba zai ce maka sannu ba, sai dai ya tambaye ka ina abin ya karye. Tarakta, famfo, ƙofar coci, agogon maƙwabta, duk sun bi ta hannunsa. To da ciwon mantuwa ya kama Nuala, shi ma haka ya ɗauke shi: wani abu ne ya kwance a ciki, a nemo shi a ɗaure, shi ke nan. Likita ya yi masa bayani, 'yarsu Orla ta yi har ta gaji, shi dai gyaɗa kai kawai yake. Kai, taurin kan Malachy sai shi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne la'asar. Da rana ta karkata sai Nuala ta ɗauki kwat ɗinta da jakar hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Bawan Allah, don Allah ka taimaka ka kai ni gida."

"Ai gida kike, Nuala."

"A'a, nan ba gidanmu ba ne."

Rannan ya juya baya ya duba saniya mai ciki, sai direban motar madara ne ya dawo masa da ita, ya tsince ta a bakin babban titi, ruwan sama ya yi mata sharkaf. A ranar Orla ta taso daga garin Sligo inda take aiki, idonta jawur.

"Baba, an samu gado a gidan kula da tsofaffin nan. Ba za su ajiye mana shi har abada ba."

"Uwarki ba ta zuwa ko'ina."

"To in mota ta buge ta fa? Kai ma dube ka, ka rame kamar ba kai ba."

Ya daɗe yana murza hularsa. "Ki ba ni zuwa ƙarshen wata. In ta zauna, ta gane nan gidanta ne, magana ta ƙare. In ba ta zauna ba, ni da kaina zan kira ki."

Yana da dabararsa, bai dai faɗa mata ba. Ya lura Nuala kan shiga kicin ta tsaya tana waige-waige, ta dubi kabad-kabad ɗin da Orla ta sa aka kakkafa musu, ta dubi ɗan kwamin wanke-wanken nan na ƙarfe mai sheƙi, ta ƙi taɓa shi. Ya ce a ransa yaya za a yi ta gane? Ai ba wannan kicin ta sani ba. Wanda ta shigo a amarya, ƙaton kwamin farin tangaran ne a ƙarƙashin taga, mai zurfi, mai kaurin baki. A cikinsa ta wanke dankali da zannuwan gado, a cikinsa ta yi wa Orla wanka tana jaririya. Bayan rasuwar uwarsa aka fitar da shi, lokacin da kowa ke fitar da nasa, ya tafi inda irinsu duka suka tafi, wato gona, shanu na shan ruwa a ciki.

Ya je ya samu Hughie McGovern, maƙwabcinsa kuma abokin faɗansa tun suna makaranta. Hughie ya bi shi gonar ƙasa yana ɗingishi, ya leƙa kwamin da ya nutse rabi a taɓo, gansakuka ta rufe shi kore shar.

"Wannan za ka mayar kicin? Anya ba kai ya kamata a kai wa likita ba?"

"Kama can, ka rage surutu."

"In kama da wane bayan? Ni da kai in an haɗa mu ba mu kai mutum ɗaya ba. Bar wa 'yan birnin Dublin, su da ke yawo gona-gona suna neman irinsa su shuka fure."

Duk da haka ya kama. Suka zura katako a ƙarƙashi, suka yi ta dannawa har taɓon ya sake shi, suka mirgina shi kan tsohuwar taya a bayan tarakta. Shanun suka yi cirko-cirko suna kallon ana tafiya da mashayarsu. A tsakar gida Malachy ya durƙusa da buroshi da soda yana dirza, yau da gobe, har fatar yatsunsa ta tsattsage. Farin ya dawo, sai dai tabo nan da can, da wani ɓallin baki inda kofato ya taɓa samu.

Duk wannan aiki da Nuala a kulle a falo yake yin sa, da rediyo da kofin shayi. Bai taɓa kulle ta ba a rayuwarsu. In ta jijjiga ƙofar sai ya ajiye guduma ya tsaya cak har ta gaji ta koma ta zauna.

Da suka ɓamɓare kabad ɗin da ke ƙarƙashin taga, sai ga tsohon bango ya fito. Koren fentin da can yana nan, ya tsaya daidai inda bakin kwamin yake a da, a ƙasa kuma ga shacin ginshiƙan bulo biyu da suka riƙe shi. Malachy ya shafa layin fentin da tafin hannu, daɗi ya kama shi.

"Ka gani? Gidan ma bai manta ba."

Hughie ya gwada tsayin da cinyarsa ya kwashe da dariya. "Tabɗi! Wa zai yi wanke-wanke a nan, akuya? Kai dattijo, ƙara bulo mana. Yanzu ba mai sa shi ƙasa haka."

"A nan yake, a nan zai koma."

"Ai don uwarka 'yar firit ce, Allah ya ji ƙanta. Matarka fa doguwa ce."

"In na canja ko kaɗan ba za ta gane shi ba. Yadda ta san shi nake so."

"To, gidanka ne," in ji Hughie, ya miƙa masa cokalin gini.

Ginin ginshiƙan bai ba shi wahala ba, abin da ya koyo a Ingila ke nan. Ɗora kwamin ne ya kusa kashe su. Suka ɗaga, suka sauke, suka huta, suka sake ɗagawa, Hughie yana kiran sunayen waliyyai yana haɗawa da ashar, har kwamin ya matse masa ɗan yatsa, Hughie ya zauna daɓas a ƙasa. Da kwamin ya hau kuma sai ya ƙi zama daidai, domin irin waɗannan da hannu aka yi su, gindinsu ba ya taɓa zuwa daidai. Malachy ya yi ta cusa ɓallin falalen dutsen da ake rufin gida da shi a ƙarƙashi, ya zuba ruwa a kofi ya ga inda zai gangara, ya zare ya sake cusawa, har ruwan ya riƙa bin hanyarsa zuwa rami. Ramin ma ya fi bututun zamani faɗi, sai da ya je gari ya dawo ya sake komawa kafin a samo masa bakin da ya shiga. Da ya zo ɗaure notin, Hughie ya riƙe masa hannu.

"A hankali, ba tayar tarakta ba ce. Ka matse shi irin matsewarka ya tsage, ni dai ba ruwana."

Ya ɗaure a hankali. Ya buɗe famfo, ya kwanta rigingine a ƙasa yana shafa bututu. Babu yoyo, ko ɗigo. Hughie ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya jinyaci yatsansa, a gaishe da Nuala.

La'asar ta yi. Malachy ya share ƙurar siminti, ya zuba dankali a kwamin, ya ajiye 'yar wuƙarta a baki, ya wanke fuska ya canja riga kamar mai zuwa coci. Sannan ya buɗe falo.

"Zo ki ga wani abu."

Ta biyo shi da jakarta a hannu. A bakin kicin ta tsaya. Ba ta yi waige-waigen nan ba. Ta ajiye jakar kan tebur, ta tafi kai tsaye, ta dafa bakin kwamin da hannu biyu, ta naɗe hannun riga, ta sunkuya ta ɗauki wuƙar. Ɓawon dankali ya fara zuba siriri, dogo, irin ferewarta. Malachy ji ya yi kamar ya fita tsakar gida ya ƙwala wa Hughie kira.

Ta fere ɗaya, ta fere na biyu. A na uku ta tsaya, ta ɗago da ƙyar, ta kai hannu ta dafa ƙugunta. Sai ta juya ta dubi ƙofar ɗakin baya, ta sassauta murya.

"Malachy."

Rabon da ta kira sunansa tun kafin hunturu. "Na'am, Nuala. Ga ni."

"Tana ciki?"

"Wa?"

"Uwarka mana. Yi magana a hankali, kada ta ji." Idonta ya kawo ruwa. "Bayana zai ɓalle, Malachy. Ga ciki, ga wannan sunkuyo tun safe. Sau nawa na roƙe ka ka ɗan ɗaga mini shi? Ka ce kada a ɓata mata rai. Ka ce gidanta ne."

Lalle ya faɗa ɗin. Sai yanzu ya tuna, a nan inda yake tsaye ya faɗa, lokacin tana da cikin Orla, yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi wurin shanu, ko ɗago kai bai yi ba. Shi a wurinsa magana ce ta safiya ɗaya, ta wuce. Ita kuwa ciwon da ya cinye mata sunan 'yarta bai iya cinye wannan ba.

"Ta rasu, Nuala. Ta daɗe da rasuwa. Nan gidanki ne."

"Da bakinka ka faɗa."

"Zan ɗaga shi. Gobe da sassafe zan kira Hughie, mu ƙara bulo, ko nawa kike so..."

Amma ta riga ta bar shi. Ta goge hannunta a jikin siket, ta saukar da hannun riga, ta ɗauki jakarta, ta wuce shi ta nufi inda kwat ɗinta ke rataye. Ya tsaya yana kallonta tana kokawa da maɓallai, tana sa na sama a ramin na ƙasa. Ya matsa ya gyara mata su ɗaya bayan ɗaya, ta yi masa godiya. Ya zaunar da ita a kujerar bakin ƙofa, ya ce ta ɗan jira, mota na zuwa. Ta zauna tsaf, jaka a kan cinya.

Ya ɗauki waya ya kira Orla. Yana jin hayaniyar wurin aikinta a baya.

"Baba? Lafiya? Ka gama aikin kwamin da Hughie ke ba ni labari?"

"Na gama."

"To yaya? Ta gane gidan?"

"Ta gane shi sarai."

"To?" in ji Orla.

"Ki gaya musu kada su ba da gadon," in ji shi. "Ki zo da mota. Ta riga ta sa kwat."