Haruffa Biyu a Ƙasan Wasiƙar Minista

Silver Spring, 5:40 na asuba

Muna idar da sallah kakana, Alhaji Musa Garba, ya tsaya min a ka cikin babbar riga. Shekara ashirin ya yi yana buga wasiƙu da tafireta a ma'aikatar ciniki da ƙasashen waje, a Legas. Yanzu mantuwa ta fara cin sa, jikokinsa na nan Amurka kuwa da ya ɗauko labarin sai su sulale. Ni ma, gaskiya, na fara zaton ƙari yake yi. Kawu Sani ne ya gano cewa laburaren wata jami'a a Washington na ajiye da takardun wani Ba'amurke mai sayen fatun awaki daga gida. Ni aka haɗa da rakiya.

"Tsoho, sai tara suke buɗewa!"

"Amarya, akawu ba ya bari minista ya riga shi ofis."

Cikin jirgin ƙasa, 6:05

Minti ashirin da biyar, sannan bas. Duk hanya yana ba ni tarihi: yau a haɗa ma'aikatar da masana'antu, gobe a raba, jibi a liƙa mata yawon buɗe ido. Minista farar hula ya tafi, soja ya zo. "Su suna wucewa, ni da tafireta muna nan." Na ce ya faɗa min sunayensu. Ya kawo uku, sauran suka ɓace masa, ya juya fuska wajen taga. Na ji haushin bakina.

Bakin laburare, 7:00

Awa biyu a kan benci. Na sayo mana shayi dala biyu-biyu, ya kurɓa ya ce ruwan wanke kofi ne.

Ciki, 9:10

Wata dattijuwa ta kawo kwali huɗu. Ina ta neman sunansa, babu. Sha ɗaya da rabi na ce, "Alhaji, mu tafi, duk sa hannun ministoci ne."

"Ke da gaggawa! Wa ya ce ki duba sama? Ƙasa, hagu."

Ashe mai bugawa yakan sa farkon haruffan sunansa ƙanana a can. Kwali na uku, wasiƙa kan jigilar fatu: *mg*. Ta gaba ma *mg*. Ministan ya sauya, sunan ma'aikatar ya sauya, *mg* na nan. Sai na ga yatsunsa goma suna bugun tebur a hankali. Na ce da matar ƙura ce ta shige min ido. Ta yi mana kwafi.

Gida, 2:15

Mun iso lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa Kawu Sani da dattijuwar da ban tambayi sunanta ba.

Bayan la'asar ya kira ni: "Amarya, yaushe za mu je wurin takardun nan?"

Na ɗora masa kwafin a cinya, na tattaro jikokin. Bai kalli sama ba. Yatsansa ya tafi ƙasa, hagu.