Labaran da Makabartar da Kogi Ya Ci

A Zangon Kwatano an daɗe da sanin Labaran direba da abubuwa biyu: Kirista ne a unguwar da masallatai suka kewaye, kuma shi ne mai mayar da matattu gida. An haife shi a wani ƙauye da ke bakin Kogin Kwara, can bayan garin Malanbil. Ya gangaro kudu da ƙuruciyarsa, ya koyi tuƙi a hannun masu jigilar albasa zuwa kasuwar Dantokpa, ya kama ɗaki a Zango domin a nan ake jin Hausa, bai kuma sake tashi ba.

Musulmin unguwa ba su buƙace shi ta wannan fanni ba, domin su da mutum ya cika, kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa. Kiristocin da suka fito daga arewa kuwa al'adarsu ita ce kowa ya kwanta kusa da iyayensa, direbobi da yawa kuma suna gudun akwatin gawa. Labaran ya karɓi aikin, ya ba shi ƙa'ida. Sai ya wanke bayan motar, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗaure akwatin da sabuwar igiya. Ba ya haɗa mamaci da kaya, ko da buhu ɗaya ne. In ya hango rami a hanya sai ya rage gudu ya lallaɓa. Jandarmomi kan tsayar da shi su ce, “Tsoho, me ka ɗauko?” Shi kuma ya amsa, “Mutum ne, zai je gida ya jira Ubangijinsa.”

Da matarsa Saratu ta rasu, da hannunsa ya tuƙa ta. Aka binne ta ƙarƙashin tsamiya a makabartar ƙauye, ya jera duwatsu a gefenta ya keɓe wa kansa wuri. Ya sha gaya wa 'yarsa Ni'ima, “Ranar tashin matattu, fuskar uwarki nake so in fara gani. Kada ku ajiye ni cikin mutanen da ko gaisuwarsu ban iya ba.”

Tsufa ya zo masa da ciwon zuciya. Ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce a mayar da shi ɗaki ya huta, Labaran kuwa ya gane ma'anar wannan hutu. Bai firgita ba. Ya ce wa Ni'ima ta fara neman direba mai sanyin hannu.

A cikin daminar wannan shekara aka buga wa Ni'ima waya daga ƙauye. Kogi ya cika ya tumbatsa, gaɓa ta zaftare, ruwa ya tafi da makabartar. Ta ɓoye labarin, tana tsoron kada ya ƙarasa uban. Amma maƙwabcinsu Alhaji Souley, mai sayar da tayoyi, sa'an Labaran kuma abokin tsokanarsa, ya ce ba a yi wa dattijo irin wannan rufa-rufa. Ya shiga ɗakin ya zauna a bakin gado.

“Labaran, yau ba tsiya na zo yi maka ba.”

“To, lalle tafiyata ta matso, tun da Alhaji ya shigo babu tsiya.”

Alhaji bai yi dariya ba. Ya faɗa masa abin da ya faru, bai rage kome ba.

“Har tsamiyar?”

“Har tsamiyar.”

Labaran ya juya fuskarsa ga bango. Ya tuna duk waɗanda ya kai wannan makabarta, ya sauke su a hankali, ya ce wa iyalansu su kwantar da hankali, an ajiye. Ga shi yanzu suna warwatse cikin laka, har da Saratu. Wa zai tattara su? Fasto ya zo ya yi addu'a, Labaran bai ce amin ba. Ni'ima ta kawo koko, ya huce a inda ta ajiye shi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ya aika a kira Alhaji.

“Kai da ka yi yawon duniya, ruwan Kwara ina yake ƙarewa?”

“Teku mana. Ya ratsa Nijeriya ya faɗa teku.”

“Wannan tekun na bayan gari?”

“Kana da wani ne a ɓoye?”

“Kai ni.”

Ni'ima ta ƙi, ta yi kuka, daga baya ta ɗauko masa hula da takalmi. Alhaji ya fito da tsohuwar motarsa, suka kutsa cikin cunkoson masu zemijan, wato 'yan acaɓa, har hanya ta ƙare a rairayi. Suka kama Labaran hagu da dama, suka tsayar da shi.

Labaran ya yi mafi yawan rayuwarsa a Kwatano, amma kullum gabansa arewa yake duba. Yakan hangi teku ta tagar mota a hanyar tashar jiragen ruwa, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Yau ga shi a gabansa, ba gaɓa a ƙetare, ba tsibiri, sai ruwa har inda ya haɗu da sama. Igiyar ruwa ta taso kamar katangar gida, ta faɗi da rugugin da ya ji har cikin ƙirjinsa, ta miƙo kumfa zuwa yatsunsa, sai ta tsaya ta koma. Wata ta biyo ta, ita ma ta tsaya a wurin. Ya daɗe yana kallon wannan iyaka da babu wanda ya gina. Ya cire hularsa.

“Ni'ima,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “dubi girman abin nan, kuma akwai wanda ya ce masa iyakarka nan, ya ji. Shi ne ƙashin uwarki zai ɓace masa? Na ɗauka ni nake ajiye su. Ashe ni direba ne kawai.”

“Baba, mu koma, iska ta yi maka yawa.”

“Bari tukuna. Almasihu ma kabarin aro aka sa shi, kuma bai daɗe a ciki ba.”

“Wannan kuma taku ce,” in ji Alhaji, yana goge ido da hannun riga. “Amma tashi kam za a tashi. A nan ba ni da gardama da kai.”

“Yau ɗaya dai ka yarda da ni, Alhaji.” Ya juya ga 'yarsa. “Ki sallami direban nan. Inda ya fi kusa, nan za ku sa ni. Wanda zai ta da mu ya san yadda zai haɗa mu.”

Kafin damina ta wuce Labaran ya cika, da rana tsaka, Ni'ima na riƙe da hannunsa. Aka binne shi a makabartar birni, tsakanin wani Bayarabe da wata mata 'yar kudu. Mutanen Zango suka raka shi har ƙofar makabartar, suka tsaya a waje suna jin 'yan majami'a suna waƙar tashin matattu da Hausa.