Mai Koyon Nazarin Bayanai a Tasha

Tana zaune a bencin jiran mota, kwamfuta a cinya, gyalenta ya zame ba ta kula ba. Darasin nazarin bayanai take bi, tana dukan madannai kamar su suka yi mata laifi. Wayarta ta yi ƙara, ta ɗaga, ni kuma ina gefenta ina jin abin da take faɗa.

"Yaya, ko ya durƙusa ba zan koma ba. A gaban kowa ya ce kaina ba ya ja. Sabon kamfanin da na shiga ƙarami ne, amma wallahi da na ƙware, kwastomomin mutumin nan za mu kwashe tas."

Ina jin tsohon oganta take nufi. Ta ajiye wayar, ta mayar da darasin farko, tana wani murmushi da ba na fatan a yi mini irinsa.