Garin da Ba Ya Cikin Jeri

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na samu aikin wucin gadi a wata ƙungiya mai raba wa manoman rani injin ban ruwa a yankinmu, daga Bebeji har Doguwa. An ɗauko bayanan manoma, kowa da layinsa: suna, waƙafi, gari, waƙafi, abin da yake nomawa. Aikina shi ne in rubuta umarnin da zai yanka kowane layi a kan waƙafi, ya ɗauki gutsuren tsakiya ya gwada shi da jerin garuruwan da aka aiko mana daga babban ofis. In sun dace, mutum ya wuce. In ba su dace ba, ya faɗa kwandon waɗanda ba a sani ba. Na rubuta, ya yi aiki tsaf, har ina hura hanci.

Da na leƙa kwandon, sai ga mahaifina a ciki. Shi da tsofaffin unguwarmu.

Ban sha wahalar gano dalili ba. Mu 'yan tashi ne. Lokacin da aka datse ruwan Tiga, garinsu Baba ya nutse, aka kwaso su aka zube a inda muke yanzu. Ni a nan aka haife ni. Amma Baba, duk wanda ya tambaye shi garinsu, sunan wancan yake faɗa, kuma shi ya faɗa wa mai ɗaukar bayani. Jerin kuwa na garuruwan da ke bisa ƙasa ne.

Na samu shugabanmu, wani ɗan birni mai yawan duba agogo.

"Yallaɓai, suna ɗaya kawai zan ƙara a jeri, duk su wuce."

"Garin yana kan taswira?"

"Yana ƙarƙashin dam."

"To kifi za mu ba inji? Ba a taɓa jerin nan. Su zo su gyara garinsu."

Ya yi dariya, ni ma na yi yaƙe, don ina son aikin. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Na koma gida na tarar da Baba yana gyaran mangala a zaure.

"Baba, abin ba wuya. Ku ce nan ne garinku, shi ke nan, inji ya fito."

"Nan inda aka ajiye ni ne. An tambaye ni garinmu."

"Ai na'urar ba ta san shi ba."

"Kai da ka koya mata, ka san shi?"

Ban taɓa ganin garin ba, sai dai in an shiga kwalekwale a nuna mini wani wuri a kan ruwa a ce nan kasuwa take.

Sauran tsofaffin duk sun je sun gyara, ban ga laifinsu ba. Baba bai je ba. Na ji haushinsa, na ji na shugaban, na ji na umarnin da na rubuta, wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ranin nan maƙwabta suka tayar da injinansu, ƙara ta cika fadama. Baba kuwa da bokiti biyu ya shayar da albasarsa, bayansa a tanƙware, yana ɗibar ruwan da ke kwance a kan ɗakin da aka haife shi.