Tiyo na Takwas

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba wani ne ya gaya mini ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan garejina a Gaya, rumfar kwano ce kawai da benci ɗaya, amma dai ana samun na tuwo. Bayan an gama cire gyaɗa ne, da hantsi, sai ga wata tsohuwar a-kori-kura tana tafe tana tari kamar mai mura. Direban sunansa Iliya, mutumin Kademi ne, ya ce motar wani gida ce a Balan, mai ita Malam Hadi ya rasu shekara biyu da suka wuce, tun daga nan take ajiye a gindin darbejiya, yanzu iyalan suka ɗauke shi ya riƙa ja musu. Shi kansa bai taɓa ganin marigayin ba.

Ina ɗaga bonet na gane ciwon. Akwai wasu ƙananan tiyo na roba da injin yake zuƙar iska ta cikinsu, to rana da zafin inji sun busar da su, kana taɓawa suna karyewa kamar taliyar da ba a dafa ba. Guda takwas ne. Ni kuwa yadda aka koya mini, ba a cire su gaba ɗaya, ɗaya za ka cire ka sa sabo sannan ka taɓa na gaba, in ba haka ba ka rikice ka haɗa hanci da kunne. Haka na bi su har bakwai, ina jefa tsofaffin cikin kwandon shara.

Na takwas ɗin shi ne babba, yana can bayan inji, shi ke zuwa tukunyar da take sauƙaƙa birki. In ya fashe, birki sai ya yi tauri kamar ka taka dutse, mota mai kaya kuwa ba za ta tsaya ba. Ba ni da irinsa mai kauri, sai an je Kano. To kun san halinmu mu bakanikai, Allah ya yafe mana. Na yanko robar tsohon tub ɗin taya na naɗe tsohon tiyon tam, na ce a raina zai kai wata guda. Ban gaya wa Iliya ba, shi ma lokacin ya tafi masallaci sallar azahar.

Na tayar da motar. Muna da wata dabara ta gano inda iska ke shiga: ka samu guntun tiyo, ka sa baki ɗaya a kunnenka, ɗayan ka riƙa bin jikin inji da shi, inda yake tsotsa za ka ji yana shiii. Ina bi ina bi, ko'ina lafiya, har na kai kan wanda na naɗe. Abin da na ji ba iska ba ce. Numfashin mutum ne, a hankali, mai nauyi, irin na wanda ƙirjinsa ya cushe. Na ce ko kunnena ne, na kashe motar. Injin ya yi shiru, numfashin bai daina ba. Sai wata murya ta dattijo, a cikin tiyon, dab da kunnena, ta ce, "Saura ɗaya."

Na yar da tiyon, na waiga, ba kowa sai akuyar maƙwabta tana cin kwali. Rana tsaka fa, mutane suna wucewa a titi, amma ni sanyi nake ji har cikin ƙashina. Kuma a nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Maimakon tsoron ya sa in gyara, sai ya sa na ƙosa motar ta bar mini gareji. Iliya na dawowa na rufe bonet na ce an gama. Yana ja da baya yake gaya mini gobe da sassafe zai kai gyaɗa kasuwar Ajingi, har da matan gidan za a tafi.

Washegari na zo buɗe gareji, ban ko ajiye babur da kyau ba na hango benci. Tsofaffin tiyon nan bakwai da na zuba a shara, ga su an jera su a kai, daga ƙarami zuwa babba, a ƙarshe an bar gurbin guda ɗaya. Ba wanda yake aiki da ni, kuma wa zai tona shara don ya jera ruɓaɓɓiyar roba? Na tsaya ina ta innalillahi. Sai na tuna kwanar shiga kasuwar Ajingi, yadda mutane da awaki da masu kura suke cika titi, ga mota da buhuna, ga mata a sama.

Akwai wata matacciyar mota a bayan rumfata, na cire babban tiyonta wanda yake da sauran ƙwari, na hau babur. Ban san gudun da na yi ba. Addu'a kawai nake, Allah kada ka kama bayinka da laifina.

Saura kaɗan a shiga Ajingi na same su a gefen hanya. Iliya ya ce motar tana tafiya lafiya lau ta mutu da kanta, ya yi ta murza makulli ta ƙi. Na ƙirga waɗanda ke kan buhuna, mata tara, biyu da goyo. Na buɗe bonet, ina warware robar da na naɗa, tiyon ya rabu biyu a tafin hannuna. Na sa wanda na zo da shi, na ɗaure. Murzawa ɗaya ta tashi.

Iliya ya yi dariya ya ce, "Maigida, yau ba ka zo da abokin aikin naka ba?"

Na ce wane abokin aiki.

Ya ce, "Dattijon jiya mana. Da na fito daga masallaci na hango ku kun sunkuya cikin bonet ku biyu, shi yana ta gefen kunnenka. Dogo, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan karkace, da jan ƙyalle a wuya. Kafin in ƙaraso ban ga inda ya bi ba."

Wata tsohuwa a gidan gaban motar, wadda ashe ita ce uwargidan marigayin, ta leƙo ta taga. Ta ce, "Ɗan nan, sake faɗa, wane irin ƙyalle?" Ya maimaita. Ta daɗe tana kallon bonet ɗin, sannan ta ce ciwon ƙirji ne ya yi ajalin Malam, kuma da wannan jan ƙyallen yake goge injin kullum da safe, yana nan a ƙasan akwatinta ta kulle. Sai ta shiga salati ƙasa-ƙasa.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce in yi sadaka in bar zancen. Ni dai ban sani ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne tun ranar ban ƙara naɗe tiyon birki da roba ba, in babu sabo sai mota ta kwana. Ku ma in kun kai gyara, ku tsaya ku ga abin da aka sa muku, kada ku ji kunyar tambaya. Guntun tiyon sauraren nan kuwa yana nan rataye a ƙusa, ban yar ba, kuma ban sake kai shi kunnena ba.